Kiɗan Kilasik: Gidan Kansa Yake Bukata Ko Gyaran Fihirisa?

A ranar 28 ga Maris, 2023, kamfanin Apple ya fitar da wata manhaja mai suna Apple Music Classical, wadda ba a jin komai a cikinta sai daɗaɗɗen kiɗan nan na Turai da ake kira kilasik, wato kiɗan su Bach da Mozart da Beethoven da waɗanda suka bi sawunsu har zuwa yau. Abin da ya ɗaure wa mutane kai shi ne, kamfanin yana da babbar manhajarsa ta sauraron waƙoƙi tun 2015, kaɗe-kaɗen nan suna cikinta, kuma mai biyan kuɗin babbar ba a ce ya ƙara ko kwabo don ya shiga ƙaramar ba. To, me zai sa maigida ya fitar da ɗansa guda daga tsakar gida, ya gina masa sashe daban da ƙofarsa ta waje, alhali a tukunya ɗaya ake yi musu tuwo? Tun daga lokacin masu sauraro suka rabu biyu. Wasu na cewa an share musu hawaye, wasu na cewa an mayar da kiɗan saniyar ware ne da sunan girmamawa.

Mai karatu na iya cewa ina ruwan Bahaushe da rigimar makaɗan Turai. Ina roƙon a yi mini haƙuri zuwa ƙarshen shafi. Tambayar da ke ƙarƙashin wannan muhawara ita ce yadda na'ura ke ajiye fasahar ɗan'adam da yadda take nemo ta, kuma abin da na'ura ta kasa nemowa a wannan zamani, da shi da ɓatacce duk ɗaya ne.

Asalin matsalar ya girmi manhajojin nan. A 1996 aka fito da wata hanya ta liƙa bayani a jikin fayil ɗin MP3, mai suna ID3. A siffarta ta farko an tanadi gurbin sunan waƙa, da gurbin sunan mawaƙi, da gurbin sunan kundin da waƙar ta fito, kowanne ba ya ɗaukar fiye da harafi 30, sai 'yan ƙananan gurabe na shekara da nau'i. Wannan tunani na gurbi uku shi kasuwar waƙoƙi ta intanet ta gada, kuma ya dace da waƙar zamani kamar an auna: mutum ɗaya ya yi waƙarsa, ya rera ta da bakinsa, ya ɗauke ta sau ɗaya, tsawonta minti uku ko huɗu. Ka rubuta sunansa ka ga abinka.

Kiɗan kilasik kuwa da wata ƙira aka yi shi. Wanda ya tsara shi a takarda daban, waɗanda ke kaɗa shi daban, kuma sau da yawa akwai shekaru ɗari biyu ko uku a tsakaninsu. Mafi kusancin misali a wurinmu shi ne rubutacciyar waƙa. Aliyu Namangi ne ya tsara Imfiraji a Zariya, amma bakunan da suka rera ta ba su ƙidayuwa, tun daga masu bara a ƙofar gida har zuwa waɗanda suka ɗauke ta a kaset. Idan aka miƙo maka takarda mai gurbi ɗaya tak da aka rubuta "mawaƙi", sunan wa za ka sa? In ka sa na Namangi ka ɓatar da mai rerawa, in ka sa na mai rerawa ka zalunci Namangi.

A kiɗan kilasik abin ya ninka haka. Ɗauki simfoni ta biyar ta Beethoven, wadda aka fara kaɗawa a birnin Biyana na Ostiriya a watan Disamba na 1808. Simfoni dogon kiɗa ne da babban ayarin makaɗa ke yi da goge da sarewa da ƙaho da ganga, ƙarƙashin jagora guda mai riƙe da 'yar sanda. Kafin a bayyana ɗauka guda ta wannan kiɗa, dole a faɗi wanda ya tsara, da lambar aikin, wato 67 a jerin ayyukan Beethoven, da ayarin da ya kaɗa, da jagoransu, da shekarar ɗauka, da kuma zango na nawa ake ciki, domin zango huɗu ne. An ɗauki wannan simfoni sau ɗaruruwa. Wadda Carlos Kleiber ya jagoranta da makaɗan Biyana a 1974 ba ita ce ta Herbert von Karajan ba, shi kuma Karajan aƙalla sau uku yana ɗaukar dukkan simfoni tara na Beethoven da makaɗan birnin Balin na Jamus, a shekarun 1960 da 1970 da 1980. Wanda ke neman ta farko aka ba shi ta ƙarshe, ba a biya masa bukata ba.

Kada a ɗauka bambancin nan ƙyale-ƙyale ne na masu fi'ili. Glenn Gould, makaɗin fiyano ɗan Kanada, ya ɗauki wani aikin Bach da ake kira Goldberg sau biyu a ɗakin ɗaukar sauti. A 1955, yana saurayi, ya gama shi cikin kusan minti 38. A 1981, shekara guda kafin mutuwarsa, ya ɗauke shi kusan minti 51. Takarda ɗaya, yatsu ɗaya, amma na farko gudun matashin doki ne, na biyu tafiyar dattijo mai waiwaye. Duk daɗin wannan fasaha yana cikin irin wannan kwatanci, kuma na'urar da ba ta san shekarar ɗauka ba ta toshe ƙofarsa.

Ga kuma rikicin sunaye. Mai tsara kiɗan nan ɗan Rasha, Ingilishi na rubuta shi Tchaikovsky, Jamusawa na rubuta Tschaikowsky, Faransawa na rubuta Tchaïkovski, ga asalin rubutun Rashanci a gefe. Yawancin ayyukan ma ba su da suna irin wanda muka sani, sai lamba da kalmar Italiyanci mai nuna saurin kiɗa. Haydn kaɗai yana da simfoni 104 masu lamba. Kalmar "Allegro", wadda ke nufin a kaɗa da hanzari, tana kan dubban zanguna na ɗaruruwan mutane. Mai neman kiɗa da ita kamar wanda ya shiga kasuwar Kurmi ne yana cigiyar wani mai suna Alhaji.

Sannan akwai yadda ake sauraro. Babbar manhaja ta saba da cakuɗa waƙoƙi, ta ɗauko wannan daga nan, waccan daga can. Zangunan simfoni kuwa babi-babi ne na littafi guda, ba a karanta na huɗu kafin na biyu. A simfoni ta biyar da muka ambata, zango na uku ba ya tsayawa, yana malalawa ne cikin na huɗu, sautin ya yi ƙasa kamar zai mutu sannan ya ɓarke gaba ɗaya. Idan na'ura ta sa tsaiko ko talla a wannan gaɓa, ta yanke wa mai magana numfashi a tsakiyar jimla.

Na ƙarshe, kuma mafi zafi, shi ne batun kuɗi. A tsarin Spotify, wanda ya shigo Nijeriya a 2021, da zarar an saurari waƙa na daƙiƙa 30 an ƙidaya ta sauraro guda, kuma da yawan sauraro ake raba abin da aka tara. Wanda ya yi rabin awa yana jin waƙoƙi masu minti uku ya haifar da sauraro goma. Wanda ya yi rabin awar yana jin zango na farko na simfoni ta uku ta Mahler, wanda ya haura minti 30 kuma makaɗa kusan ɗari ke kaɗa shi, ya haifar da guda ɗaya. In kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya: ma'auni irin wannan yana tura masu ɗaukar sauti ga gajerun kaɗe-kaɗe masu sanyi da ake jerawa don barci ko karatu, dogayen ayyuka kuma su koma kaya mai nauyi marar riba.

Waɗannan dalilai ne suka haifi manhajoji na musamman tun kafin Apple ya shigo. An kafa Idagio a Balin a 2015, ta gina fihirisarta a kan mai tsarawa da aiki da ɗauka, kuma ta ce da daƙiƙa take lissafin biyan makaɗa. Primephonic ta birnin Amsterdam ta bi irin wannan hanya, har Apple ya saye ta a watan Agusta na 2021, ya rufe ta, ya gina tasa manhajar a kan aikinta, ya buɗe da kaɗe-kaɗe sama da miliyan biyar. Ba na jayayya cewa an samu ci gaba. Mai sauraro yau yana iya rubuta lambar aiki ya ga jerin waɗanda suka kaɗa shi, kowa da shekararsa. Duk wanda ya taɓa shan wahalar nema a da ya san an sauke masa kaya.

Amma a sake duba jerin koke-koken da na kawo. Gurabe sun yi kaɗan, sunaye sun cakuɗe, an raba zanguna, an auna kuɗi da mudun da bai dace ba. Babu ko ɗaya a cikinsu da ke cewa kiɗan Mozart ba zai iya zama kusa da na wani ba. Uku na farko cututtukan fihirisa ne, na huɗu kuma yarjejeniya ce tsakanin kamfani da masu haƙƙin mallaka, wadda ba ruwanta da yawan manhajojin da ke kan waya. Kuma maganin cutar fihirisa an daɗe da samun sa. A 1862 Ludwig von Köchel ya bi ayyukan Mozart ɗaya bayan ɗaya ya ba su lamba har zuwa 626. A 1950 Wolfgang Schmieder ya yi wa Bach irin wannan hidima. Ma'aikatan laburare sun daɗe da ƙa'idar ba kowane aiki suna guda tabbatacce, wanda duk fassarorinsa da bugunsa ke taruwa a ƙarƙashinsa. Hatta ID3 ɗin da muka ɗora wa laifi, sabuwar siffarsa ta 1998 ta zo da gurbin mai tsarawa da na ayarin makaɗa da na jagora. Gurabe sun samu, masu cika su ne suka yi ƙaranci, domin aiki ne na hannu da ke bukatar masani ya zauna ya tantance, kuma kamfanoni ba su ga ribar biyan sa ba.

Ra'ayina ke nan: abin da kiɗan kilasik ke bukata shi ne fihirisa mai mutunta ƙirarsa, kuma wurin wannan fihirisa shi ne cikin babban gida. Laburaren jami'a yana ɗauke da littattafan likitanci da na shari'a da na adabi, kowane fanni da irin tsarin da ya dace da shi, amma ƙofar shiga ɗaya ce, kuma ɗalibin da ya zo neman littafin lissafi yakan fita da diwanin waƙa a hannu saboda ya gitta ta gabansa. Wannan gittawa ita ce abin da manhaja ta daban ke kashewa, kuma ita ce hanyar da kusan kowa ke fara haɗuwa da abin da bai sani ba.

Mu ɗauki kanmu misali. Duk wanda ya riƙe wayar Nokia a farkon shekarun 2000 ya haddace wani gutsuren kiɗa da makaɗin jita ɗan Sifen, Francisco Tárrega, ya tsara a 1902 cikin aikinsa Gran Vals. Duk matashin da ke cika gidan kallon ƙwallo a daren Talata ko Laraba ya san taken gasar zakarun Turai, wanda Tony Britten ya tsara a 1992 bisa wani kiɗa da Handel ya yi don naɗin Sarki George na Biyu na Ingila a 1727. Miliyoyin mutane sun ji kilasik sun so shi ba tare da sun san sunansa ba. Idan irin wannan matashi ya nemi taken ƙwallo a manhajar da ya saba da ita, fihirisa mai kyau za ta nuna masa Handel a gefe, daga Handel ta kai shi ga Bach, waɗanda aka haifa a shekara ɗaya, 1685, a ƙasar Jamus. Amma ba zai taɓa sauke manhajar da aka rubuta wa "kilasik" a goshi ba, domin ba ya neman abin da bai san yana so ba. Manhaja ta musamman tana hidima ga wanda ya riga ya shigo, tana kuma sa wa na waje labule.

Ga talaka mai sauraro akwai ƙarin nauyi. Manhaja ta biyu wuri ne na biyu a cikin wayar da ta riga ta cika, da kuɗin data na biyu. Lokacin da ta Apple ta fito, a kan iPhone kaɗai take aiki, sai bayan wata biyu ta iso Android, kuma ba a iya sauke kiɗa a cikinta don a ji ba tare da intanet ba, sai an koma babbar manhaja. Wannan kaɗai ya isa nuna irin mai sauraron da aka yi tunaninsa: mai zaune a falo da intanet marar yankewa. Kiɗan da tun asali ake yi wa kallon na masu hannu da shuni, an ƙara masa wani mayafi na alfarma.

Sai kuma tambayar iyaka, wadda duk mai gina katanga dole ya amsa. Wa ke ciki, wa ke waje? Fela Sowande ɗan Nijeriya ya tsara African Suite a 1944 don ayarin masu goge irin na Turai, amma da karin waƙoƙin Afirka ta Yamma ya gina ta. Akin Euba ya shafe rayuwarsa yana sa fiyano ta yi magana da harshen gangunan Yarbawa. Indiya tana da nata kiɗan ƙwararru mai ƙa'idoji da silsilar malamai, inda raga ɗaya kan ɗauki awa guda. Ummu Kulsum ta Masar tana da waƙoƙin da mawallafin baitoci daban, mai tsara kiɗa daban, kuma kowane dare da irin yadda ta rera su. Masu kiɗan jaz na Amurka suna son sanin wanda ya busa ƙaho da wanda ya buga ganga a kowace ɗauka. Dukkan waɗannan suna fama da ƙuncin gurbi uku. Idan maganin shi ne gida daban, gidaje nawa za a gina? Amsar a bayyane take: za a gina wa wanda masu sauraronsa ke da kuɗi da murya, saura kuma a bar su cikin cakuɗe. Gyaran da aka yi a babban gida kuwa kowa yana cin moriyarsa.

A nan ne maganar ta iso ƙofarmu. Duk mai neman waƙoƙin makaɗan fada da na jama'a a intanet ya san halin da ake ciki. Narambaɗa yana da Bakandamiya, Shata ma yana da Bakandamiya, kuma Shata ya sha rera tasa a wurare daban-daban, kowane karo da ƙari da ragi. Akan ga waƙar wani an liƙa mata hoton wani, ko a ga an rubuta "tsohuwar waƙa" kawai. Fihirisar da ta dace da wannan taska tana bukatar sunan makaɗi, da ubangidan da aka yi wa waƙar, kamar Sarkin Gobir na Isa a wajen Narambaɗa, da kayan kiɗan, kotso ne ko taushi ko kalangu ko kuntigi, da 'yan amshi, da wuri da shekarar ɗauka, da gidan rediyon da ya ɗauka. Masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun yi aikin tattarawa da rubutawa a Diwanin Waƙoƙin Baka, wanda shi ne irin harsashin da Köchel ya aza wa Mozart. Abin da ya rage shi ne a haɗa wannan ilmi na takarda da sautin da ke yawo a wayoyi. Shata ya rasu a 1999, Ɗankwairo a 1991, Ɗanmaraya Jos a 2015, kuma waɗanda za su iya jin ɗauka su ce "wannan a wuri kaza aka yi ta, shekara kaza" suna raguwa kowace damina. Babu kamfanin da zai gina wa kotso manhajar kansa. Fatanmu ɗaya shi ne manyan manhajoji su buɗe gurabe, mu kuma a sassan nazarin harsuna da gidajen rediyo mu shirya abin da za a zuba a ciki.

Akwai hujja guda mai ƙarfi da masu goyon bayan rabuwa ke riƙe da ita, kuma ba zan tsallake ta ba. Suna cewa an yi shekaru ana jiran manyan kamfanoni su gyara, ba su gyara ba, domin masu jin kilasik 'yan kaɗan ne a cikin taron, kuma a babban gida kullum mai rinjaye ake yi wa shimfiɗa. Fuskar manhajar da aka tsara don a taɓa sau ɗaya waƙa ta tashi ba za ta so dogayen sunaye masu layi uku ba. Wannan gaskiya ne, kuma saboda shi nake ganin ƙananan kamfanoni irin su Idagio suna da hurumin zama, kamar yadda kantin littattafan fanni guda ke da hurumin zama kusa da babbar kasuwa. Su ne suka nuna cewa abin mai yiwuwa ne. Amma kamfanin da ya mallaki babban gidan da ƙaramin duka ba shi da wannan uzuri. Ya riga ya biya masana, fihirisa tana hannunsa, rumbun kaɗe-kaɗen ɗaya ne. Wayar da ke iya gane fuskar mai ita ba za ta kasa gane cewa wannan simfoni ce ta sauya yadda take nuna ta ba. Gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Don haka ma'aunin da zan auna nasarar manhajar kilasik da shi shi ne yawan abin da ta koya wa babbar. Idan bayan wasu shekaru mai sauraro na gama-gari ya iya neman aiki da sunan mai tsara shi, ya ga masu kaɗawa a jere da shekarunsu, ya ji dogon kiɗa ba yankewa, aka kuma biya makaɗa gwargwadon lokacin da aka ba su, to ƙaramar manhaja ta yi aikin gada, kuma ko an rufe ta ba a yi asara ba. Idan kuwa ta zama dalilin da za a ce an sallami masu ƙorafi, a bar sauran kaɗe-kaɗen duniya a gurbi uku, to an yi wa mutum ɗaya ɗaki mai kyau ne an bar rufin gidan yana yoyo.

Ga ɗalibanmu masu neman batun bincike, musamman na sassan Hausa da na kimiyyar laburare da na kwamfuta, ga aiki nan a shimfiɗe: a ɗauki makaɗi guda, a bi ɗaukarsa ɗaya bayan ɗaya, a ba kowace lamba da cikakken bayani, tun masu shaida suna raye. Köchel masanin tsirrai da duwatsu ne, da ƙa'idar jera su ya jera Mozart, kuma har gobe harafin farko na sunansa yana gaban kowace lamba.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.